Waɗanda Suka Fara Tattara Tsirran Arewa da Aikin Ma'ajiyar Busassun Tsirrai a Zariya: Tambayoyi da Amsoshi

Duk shekara ɗalibai daga sashen haɗa magunguna, aikin gona, likitancin dabbobi da kimiyyar tsirrai suna ɗaukar ganye a leda su nufi ma'ajiyar busassun tsirrai ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru, domin a tantance musu sunan tsiron a ba su lambar shaida. Da yawa ba su san aikin wa ake dogara da shi wajen wannan tantancewa ba. Ga tambayoyin da aka fi yi, daga tarihi har zuwa yadda ake matse ganye.

Mece ce ma'ajiyar busassun tsirrai, kuma me ya raba ta da lambu?

Ɗaki ne da ake ajiye tsirran da aka matse, aka busar, aka manna a kan takarda mai kauri, kowane da bayanin wanda ya tsinko shi da wuri da rana. Masana na ce masa harberiyom. A lambu tsiro yana raye, yana iya mutuwa ko a sare shi. A ma'ajiya kuwa, reshen da aka tsinka shekara ɗari da suka wuce yana nan da gashin bayan ganyensa da ƙirar furensa, ana iya ɗora shi kusa da na yau a gwada. Dabarar ta samo asali ne a Italiya wajen shekarun 1540 a hannun wani malamin jami'a, Luca Ghini. Sunaye masu kalma biyu na Latin da ake rubutawa a kai kuma sun kafu ne daga aikin masanin tsirrai Linnaeus na 1753: kalmar farko ta jinsi, ta biyu ta nau'i.

Wa ya fara ɗibar tsirran ƙasar Hausa ya kai su inda aka rubuta su a kimiyyance?

Ayarin Oudney da Denham da Clapperton ne, wanda ya ƙetaro Sahara daga Tarabulus a 1822 ya isa Borno a 1823. Walter Oudney likita ne mai sha'awar tsirrai, shi ne ya ɗauki nauyin matse su. Bai kai Kano ba. Ya rasu a Murmur, kusa da Katagum, a watan Janairun 1824, Clapperton ya ci gaba shi kaɗai zuwa Kano da Sakkwato. Abin da ya koma Ingila kimanin nau'i 300 ne, kuma mafi yawa daga hanyar hamada da Borno suke. Na ƙasar Hausa 'yan ƙalilan ne. Robert Brown ya yi nazarinsu a 1826, kuma a cikin wannan aikin ne ya raɗa wa jinsin ɗorawa suna *Parkia*, don tunawa da matafiyin nan Mungo Park wanda ya mutu a Busa a 1806. Kaɗanya ma ta daɗe tana ɗauke da sunan Park, *Butyrospermum parkii*, kafin a koma ga *Vitellaria paradoxa*.

Clapperton ya ratsa Zariya a tafiyarsa ta biyu a 1826, ya rasu kusa da Sakkwato a 1827. Amma shi sojan ruwa ne, tsirrai ba sana'arsa ba ce.

Ana yawan ganin *vogelii* da *barteri* a ƙarshen sunaye. Su wane ne?

Vogel biyu ne, dukkansu Jamusawa, kuma ana yawan gauraya su. Theodor Vogel shi ne masanin tsirrai na ayarin jiragen ruwa uku da suka shiga kogin Kwara a 1841. Zazzaɓi ya kashe Turawa da dama a tafiyar, shi ma ya rasu a tsibirin Fanando Po a watan Disamba na shekarar. An wallafa tsirransa a 1849. Majimfa, wadda masunta ke dakawa su zuba a ruwa don bugar da kifi, da sunansa take amsawa: *Tephrosia vogelii*. Na biyun, Eduard Vogel, ya biyo sawun matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, ta Sahara, ya zauna a Kukawa, ya zagaya ƙasar Bauci da Binuwai, aka kashe shi a Wadai a 1856.

Charles Barter kuwa mai aikin lambu ne da ya shiga ayarin da Baikie ya jagoranta a kogin Kwara a 1857. Jirginsu, Dayspring, ya bugi dutse kusa da Jabba ya lalace, suka maƙale a ƙasar Nufe. Wannan tsautsayi ne ya ba Barter damar zama wuri ɗaya yana ganin tsirrai a damina da rani, abin da matafiyi mai wucewa ba ya samu. Ya rasu a Raba a 1859. Itatuwa da ciyayi da yawa da muke gani a dajin Zazzau, daga samfuran da ya aika aka fara bayyana su. Matsalar ita ce yawancin takardunsa kalma ɗaya suke ɗauke da ita a wurin sunan gari, wato "Nupe", kuma ƙasar Nufe ba ƙaramar ƙasa ba ce.

Me ya sa ake fifita Dalziel a kan sauran?

Saboda shi ne ya haɗa abubuwa uku a wuri ɗaya: busasshen tsiro, sunan Hausa, da amfanin da mutane ke yi da shi. John McEwen Dalziel, ɗan Sikotilan, an haife shi a 1872, ya rasu a 1948. Likita ne. Ya fara aiki a Sin, sannan ya shiga aikin likitancin gwamnati a Afirka ta Yamma a 1905, ya zauna a ciki har 1922. Duk inda aka tura shi, Kwantagora, Zungeru, Katagum, Yola, Sakkwato, Abinsi, yakan matse tsirrai ya aika lambun tsirrai na Kew da ke Landan da na Edinbara. Ya iya Hausa sosai, kuma aikin asibiti ya sa kullum yana tare da mutanen da suka riga suka sha saiwa ko sassaƙe kafin su zo wurinsa.

A 1916 ya fitar da ƙamus na sunayen tsirrai da Hausa, *A Hausa Botanical Vocabulary*. Bayan ya bar aiki ya koma Kew, inda shi da John Hutchinson suka rubuta *Flora of West Tropical Africa* tsakanin 1927 da 1936. Wannan shi ne littafin da ke ba da mabuɗin gane kowane tsiro na yankin. A 1937 ya ƙara da *The Useful Plants of West Tropical Africa*, kan abinci, magani, rini, igiya, guba da katako. An sake gyara littafin gane tsirran daga 1954 zuwa 1972 a hannun Keay da Hepper, na amfanin tsirrai kuma H. M. Burkill ya faɗaɗa shi zuwa juzu'i shida daga 1985 zuwa 2004. Har gobe, idan ma'aikacin ma'ajiya a Samaru ya ɗauki ganyenku ya buɗe wani tsohon littafi mai kauri, galibi ɗaya daga cikin waɗannan ne.

Hano, wanda wasu ke kira ararrabi, itacen nan mai ɓawo kamar takarda da ke fitowa a kan duwatsu, shi ne *Boswellia dalzielii*. Doka kuma, wadda ta mamaye dajin kudu da Zariya, masu raɗa mata suna ba su je nesa ba, *Isoberlinia doka* suka ce.

A ganinmu, duk mai binciken maganin gargajiya da bai duba abin da Dalziel ya rubuta kan tsironsa ba, bai fara aiki ba tukuna. Sau da yawa abin da ɗalibi ke ɗauka sabon bincike ne, an rubuta shi tun 1937.

Bayansa fa? Ta yaya aikin ya iso Zariya?

Ta hanyoyi uku. Na farko ma'aikatan gandun daji. H. V. Lely ya tattara tsirrai da yawa a tsaunukan Jos da Bauci, ya rubuta littafi kan itatuwan Arewa masu amfani a 1925, har aka sa wa wani jinsi sunan *Lelya*. R. W. J. Keay ya fara aiki a Nijeriya a 1942, ya yi nazarin dajin doka a Lardin Zazzau, musamman gandun Anara, kuma rabe-raben dazukan Nijeriya da ya tsara a 1949 ne har yanzu ake koyarwa, inda Zariya ta faɗo a arewacin yankin da masana ke kira dajin Gini. A 1942 ɗin ne aka kafa ma'ajiyar gandun daji ta Ibadan, mai alamar FHI, wadda ita ce mafi girma a ƙasar, da samfuri sama da 100,000. In kun ga "FHI" da lamba a tsohuwar takarda, kwafi ne daga can.

Na biyu ma'aikatan gona da kiwo. An buɗe tashar binciken aikin gona ta Samaru a 1922, gonar dabbobi ta Shika kuma a 1928. Su damuwarsu ita ce ciyawar da ke cin amfanin gona, irin su ƙuduji, da ciyawar kiwo irin su gamba. Dole su san sunan abin da suke yaƙa ko suke shukawa, don haka suka riƙa ajiye samfurori.

Na uku jami'a. Da aka kafa ta a 1962, tashar Samaru ta zama cibiyar binciken aikin gona ta jami'ar, aka kuma fara koyar da kimiyyar tsirrai. Malamai da ɗalibai suka riƙa fita Kufena, bakin Kubanni da fadamar Galma da katakon matsi.

A wannan zamani ne sunayen 'yan Nijeriya suka fara bayyana a takardu a matsayin masu tattarawa da lambar kansu: C. F. A. Onochie, wanda ya rubuta littafin itatuwan Nijeriya tare da Keay da Stanfield, da Daramola, da Latilo, da Olorunfemi, da Z. O. Gbile wanda ya sake tattara sunayen tsirrai na Hausa a 1980.

To ina mutanen ƙasa a cikin wannan tarihi?

Suna cikinsa tsundum, sai dai ba a rubuta su ba. Bature bai san hanyar fadama ba, bai san wane wata taura ke fure ba, ba ya hawa rimi. Maharbi ne ya kai shi, makiyayi ne ya ce masa wannan ciyawa tana kumbura shanu, ungozoma ce ta san saiwar da ake ba mai jego, wanzami da boka ne suka faɗi sunan. 'Yan alaro suka ɗauki katakon matsi da dammunan takarda a ka, wani yaro kuma ya kwana yana sauya takardu a gefen garwashi. Tsarin aikin na lokacin suna ɗaya yake rubutawa, na wanda ya riƙe littafi.

Wannan rashi ne na adalci, kuma rashi ne na ilimi. Idan takarda ta ce ana shan tsiro don shawara, amma ba ta faɗi ko Bazazzagi ne ya faɗa ko Bakatsine ko Bafulatani ba, ba yadda za a bi diddigin maganar. Shi ya sa yanzu muke nacewa a rubuta wanda ya ba da suna da amfani, da sana'arsa da garinsa, bayan an nemi yardarsa. In bai yarda a sa sunansa ba, a rubuta sana'a da gari kawai. Kafin shiga daji ko gona a fara gaida mai unguwa ko dagaci a faɗa masa abin da ya kawo ku. A gandun gwamnati kuma sai da izinin malaman daji.

Me ya sa samfuran asali suke Turai? Ana iya ganinsu daga nan?

Samfurin asali shi ne takardar da mai raɗa suna ya dogara da ita lokacin da ya bayyana sabon nau'i. Da ita ake yanke hukunci in gardama ta tashi, kuma a ma'ajiyoyi da yawa ana sa ta a jaka mai jan baki. Tun da a Kew, Edinbara, Landan, Faris da Balin aka yi raɗin, a can takardun suka zauna. Kew kaɗai tana da samfuri kimanin miliyan 7.

Ajiya a Turai ma ba ta hana asara ba. A watan Maris na 1943 bam ya ƙone mafi yawan ma'ajiyar Balin, da samfuran asali na tsirran Afirka masu ɗimbin yawa. Da yawa daga cikinsu, kwafin da aka raba zuwa wasu wurare ne kaɗai ya rage. Irin wannan asara na cikin dalilan da suka sa ake tsinko kwafi fiye da ɗaya na kowane tsiro.

Yau ana ganin hotunan da yawa daga cikinsu a intanet, a shafin Kew, da JSTOR Global Plants, da GBIF. Ku nemi sunan mai tattarawa da lambarsa, misali Dalziel da lamba, maimakon sunan tsiro kaɗai, domin sunan na iya sauyawa amma lambar ba ta sauyawa. Fitar da tsiro zuwa waje kuma yanzu yana ƙarƙashin yarjejeniyar 1992 kan halittu da ta Nagoya ta 2010, sai da takardar izini.

Yaya suke busar da tsirrai, kuma me ya sauya?

Kaɗan ne ya sauya. Su suna amfani da takarda mai shan ruwa da garwashi, mu muna da jarida da kwali da ƙwan lantarki. Kayan aiki: katakon matsi biyu masu raga, santimita 30 da 45, igiya ko ɗamara biyu, tsofaffin jaridu, kwali mai ramuka a yanka daidai girman katakon, almakashin yankan reshe, ƙaramin dagi, gora mai ƙugiya, fensir da littafin fili.

A yanko reshe mai tsawon santimita 30 zuwa 35 da ganye da fure ko 'ya'ya. Ƙaramin tsiro a tono shi da saiwarsa, a karkaɗe ƙasar. A rubuta lamba da fensir a gefen jarida nan take, a rubuta irinta a littafi. A shimfiɗa tsiron cikin jarida, a juya ganye ɗaya ko biyu bayansu ya kalli sama, domin bayan an manna ba za a iya ɗagawa a duba ba. A rage ganyen da suka hau juna amma a bar guntun kararsu don a ga inda suka fito. Sai a jera: kwali, jarida mai tsiro, kwali, haka har matsi ya cika, a taka da gwiwa a ja igiya.

Lokacin hunturu a Zariya iska ce ke yin aikin. A ajiye matsi a inuwa inda iska ke kaɗawa, kwana 3 zuwa 5 ya isa ga yawancin ganye. A damina, musamman Agusta, labari ya sha bamban. Dole a sauya jaridu kowace rana a kwana huɗun farko, in ba haka ba fumfuna ta kama, ganye ya yi baƙi ya zube. Mafita ita ce akwatin katako da ƙwan lantarki huɗu masu zafi a ƙasa, a tsayar da matsi a kan gefensa yadda ramukan kwali za su kalli sama, zafi ya ratsa. Kada zafin ya wuce digiri 45. In ya wuce, ganye yana dahuwa ne, ya yi ruwan ƙasa ya riƙa karyewa. A ƙara jan igiya kowace safiya, domin tsiro yana motsewa, in matsi ya saki ganye ya yamutse. Alamar bushewa: in an taɓa ba a jin sanyi, kara kuma ba ya lanƙwasawa.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne barin tsiro cikin baƙar leda a rana ko a bayan mota har yamma. Kafin a isa Samaru ya riga ya dahu.

Waɗanne tsirrai ne ke ba da wahala?

Tinya da danginta masu ruwa a jiki ba sa mutuwa cikin matsi, suna iya yin wata suna tsiro. A tsaga su biyu, a kankare cikin, ko a tsoma su a tafasasshen ruwa na minti ɗaya. Nononsu yana ƙona ido da fata, a sa safar hannu, kada a shafa fuska. Tumfafiya ma haka. Masu albasa a ƙasa a yanka albasar gida biyu kafin a matse. Furen bado da sauran masu laushi a sa su tsakanin tishu, kada a ɗaga shi sai ya bushe. Ƙananan tsirran ruwa a ɗauko su da takarda daga ƙarƙashi yadda za su kwanta a kai. Doguwar ciyawa kamar gamba a lanƙwasa ta sau biyu ko uku, kuma dole da tushenta, don da shi ake gane ko mai shekara ɗaya ce ko mai daɗewa. Bagaruwa da farar ƙaya a danne ƙayoyin da katako tukuna, don kada su huda kwali. Manyan 'ya'ya irin na kuka a busar da su daban, a ɗaura musu lamba iri ɗaya. Ƙuduji kan yi duhu duk yadda aka yi, furen kuka fari kuma yakan koma ruwan ƙasa, saboda haka launi a littafi ake kama shi tun a fili.

Sai batun lokaci. Ciyayi sai Satumba da Oktoba. Ɗorawa da kaɗanya a rani suke fure. Gawo yana zubar da ganye a damina, wanda ya je nemansa a Yuli itace tsirara zai tarar. Masu albasa da yawa suna fure ne da ruwan farko ko bayan gobarar daji, cikin 'yan kwanaki su ɓace.

Me ya kamata a rubuta a takardar bayani?

Sunan mai tattarawa da lambarsa, rana da wata da shekara, jiha da ƙaramar hukuma da gari, nisa daga wani wuri sananne, da ma'aunin wuri daga waya. Samaru, alal misali, tana wajen 11°11′ arewa, 7°38′ gabas, mita 686 sama da teku. Sannan irin wurin: fadama, jigawa, kan dutse, gefen gona, saura. Sannan duk abin da zai ɓace bayan bushewa: tsayin itace, kamannin ɓawo, launin cikinsa in an sara, ko yana fid da nono ko ƙaro, ƙamshi, launin fure. Daga ƙarshe sunan gida da harshen da aka faɗe shi, da amfani, da wanda ya faɗa.

Lamba ɗaya ta tsiro ɗaya ce, daga wuri ɗaya, a rana ɗaya. Ba a maimaita ta, ba a kuma komawa 1 a sabuwar shekara. Tsiro mai kyau da babu takarda ba shi da amfani a ma'ajiya. Mummunan samfuri mai cikakken bayani ya fi shi nesa ba kusa ba.

Ana manna tsiron a takarda marar tsami mai kimanin santimita 29 da 42, da farin gam ko siraran ƙyallaye masu gam, kara mai kauri kuma a ɗinke shi da zare. Kada a taɓa sa salatif. Cikin 'yan shekaru yana yin rawaya, ya saki, ya bar tabo. Furen da ya faɗo da iri a zuba su a ƙaramin ambulan a manna a gefe.

Yaya ake karanta tsohuwar takarda?

Da hattara wajen wuri. "Zaria" a takardar zamanin Turawa sau da yawa lardi ake nufi, wanda ya haɗa da babban ɓangaren Jihar Kaduna ta yau, ba birni ba. Haka "Sokoto" da "Katagum". Wanda ya ɗora irin wannan a taswira a tsakiyar gari ya ƙirƙiri bayanin da babu shi. Rubutun sunayen Hausa kuma ba shi da ƙugiya, ɗ da d ɗaya suke, ƙ da k ɗaya suke, sai an faɗi kalmar da baki a gane ta.

Sunan Latin ma yana sauyawa yayin da bincike ke ƙaruwa. Gawo ya tashi daga *Acacia albida* zuwa *Faidherbia albida*, bagaruwa daga *Acacia nilotica* zuwa *Vachellia nilotica*, rai-ɗore daga *Cassia* zuwa *Senna occidentalis*. Ba a goge tsohon suna, ba a kuma rubutu a kan takardar asali. Ana manna ƙaramar takarda a gefe da sabon suna, da sunan wanda ya gyara, da shekara.

In na san sunan Hausa, bai isa ba?

Bai isa ba. Ɗauki kalgo. Nau'i biyu ne ke amsa sunan, kuma duka ana samunsu a ƙasar Zazzau. *Piliostigma reticulatum* ganyensa ƙarami ne, bayansa sumul, ya fi yawa in an nufi arewa. *Piliostigma thonningii* ganyensa ya fi faɗi, in kun juya shi za ku ga gashi mai launin tsatsa a kan jijiyoyi, kwafsarsa ma tana da gashi tana ɗanya. Wanda ya niƙa ganyen ɗaya ya rubuta sunan ɗayan ya ɓata sakamakonsa, kuma babu mai iya ganowa sai in ya ajiye samfuri. Ɓaure ya fi haka rikici, domin nau'o'in *Ficus* da yawa ne ke shiga ƙarƙashinsa. Akasin haka ma yana faruwa, tsiro ɗaya ya kasance da suna a Zariya, wani a Sakkwato, wani a Haɗeja.

Me ke lalata ma'ajiya, kuma gaskiya ne tsofaffin takardu suna da guba?

Babban abokin gaba ɗan ƙaramin ƙwaro ne mai ruwan ƙasa da ake kira ƙwaron taba, *Lasioderma serricorne*. Tsutsarsa ce ke cin fure da iri, ta bar gari a ƙasan jaka. In kun buɗe jaka kuka ga ɗan gari kamar ƙura da ƙananan huji a fure, yana ciki. Sai gara da ke biyo bango, da kyankyaso, da ɓera, da fumfuna in laima ta wuce kashi 60 cikin 100. Durowa ta zama ta ƙarfe mai rufuwa ruf, a ɗaga ta daga ƙasa, a janye ta daga bango.

Duk sabon samfuri a ɗaure shi a leda a sa a firiza mai sanyin digiri 18 ƙasa da sifiri ko fiye. Kwana 3 na iya isa in wuta ba ta ɗauke ba, amma inda take yawan ɗaukewa a bar shi kwana 7. In an fitar, kada a buɗe ledar sai bayan kwana ɗaya, don raɓa ta taru a wajen leda ba a jikin tsiro ba.

Batun guba gaskiya ne. Masu tattarawa na da da ma'ajiyoyinsu sun riƙa shafa gishirin zaiba da aka narka a sifirit a kan tsirrai don kashe ƙwari, kuma ba ya gushewa. Alamarsa tabo mai toka-toka ko baƙi a takarda, wani lokaci da hatimin *Poisoned*. A sa safar hannu, a buɗe durowa a bar ta ta sha iska kafin a sunkuya ciki, kada a ci abinci a ɗakin, a wanke hannu da sabulu. Kafur da aka riƙa zubawa daga baya shi ma yana sa ciwon kai in an daɗe ana shaƙa.

Ni ɗalibi ne, ina son lambar shaida don bincikena. Me zan kawo?

Ku kawo reshe mai fure ko 'ya'ya, a matse, aƙalla kwafi biyu, da cikakken bayani a rubuce. Ku kawo shi kafin ku fara niƙa da jiƙo, ba bayan kun gama gwaji ba. Garin ganye, ko sassaƙe kaɗai, ko saiwar da aka saya a kasuwar Sabon Gari ba a iya tantance su da tabbas. In a kasuwa kuka saya, ku roƙi mai maganin ya kai ku gindin itacen, ku yanko reshe daga wanda aka sassaƙa. In tsiron ba ya fure a lokacin, ku ɗauki ganye da hoton ɓawo da na itacen gaba ɗaya, ku yi masa alama, ku koma in ya yi fure.

Ku tambaya ko lambar da aka ba ku ta samfurinku ce da aka ajiye, ko ta wani tsohon samfuri ce da aka gwada naku da shi, ku rubuta hakan yadda yake a kundinku. Mai niyyar binciken ƙwayoyin gado kuma ya tsinki ɗanyen ganye ƙarami daban, ya sa a leda mai zif da ƙwayoyin silika masu shan laima, kimanin ninki goma na nauyin ganyen, ya rubuta lamba iri ɗaya da ta samfurin. Ganyen da aka jiƙa da sifirit ko aka busar da zafi mai yawa ba ya ba da sakamako mai kyau a wannan gwaji.